Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kalori 600 da Teburin Mai Shayi

A makon jiya na tsaya ne inda likita ya ɗora ni a sikeli, allura ta tsaya a kilo 98, ya duba takardar gwajin jinina ya ce suga na bakin ƙofa, in ban rage teɓa ba zai shigo. Wannan a ƙarshen 2019 ne, ina da shekara 46.

Sati bai zagayo ba na biya kuɗin wata uku a wani wurin motsa jiki da ke kan hanyata ta dawowa daga ofis, nan Kaduna. Na sayi kambas, na sayi wandon wasanni wanda uwargida ta ce in dai zan sa shi, to in fita ta ƙofar baya kada maƙwabta su gani.

Injin gudu na fi so, wanda bel ke tafiya ƙarƙashin ƙafarka. In ka hau sai ya tambayi nauyinka, in danna 98. Yaron da ke kula da wurin ya nuna mini maɓallin da ke ɗaga gaban injin ya zama tudu, ya ce, "Alhaji, in kana son lamba ta yi gudu, wannan za ka danna." Na kai shi 10, na sa saurin kilomita 5 a awa. Hawan ya fi ƙarfina, sai na damƙe ƙarfen gaba da hannu biyu, na jingina baya kamar mai jan rago ranar jajibirin Sallah. Minti 45, jajayen lambobi su nuna kalori, wato ma'aunin kuzarin da jiki ya ƙona, wajen 600. Riga ta jiƙe sharkaf. In ɗauki hoton lambar in tura wa 'yan ajinmu a WhatsApp, su yi ta sambarka.

Matsalar ita ce akwai mai shayi a tsallaken titi. Ni kuwa na riga na yi lissafina: wanda ya ƙona 600 yana da haƙƙin cin 600. Indomie biyu, ƙwai uku, shayi mai kauri, wani lokaci da gutsuren burodi don kada shayin ya tafi shi kaɗai. Daga nan in wuce gida, kuma tuwon dare ba a mayar da shi, sai a ce ka ci a wani gidan.

Da wata ukun suka cika na koma asibiti da ƙwarin gwiwa. Kilo 99 da rabi. Har na ce wa nas ɗin sikelinsu ya lalace. Ta sauke ni, ta hau da kanta, ta ce lafiyarsa ƙalau.

Ɗan yayata ne ya warware mini. Yana karatun ilimin aikin jikin ɗan Adam a Zariya, ya zo hutu, na ja shi wurin don ya ga da idonsa cewa ba wasa nake ba. Ya tsaya yana kallona minti biyar, sannan ya ce, "Kawu, don Allah saki ƙarfen nan." Na saki. Ban kai minti biyu ba numfashi ya sarƙe, na danna jan maɓalli na tsayar da injin.

"To ka gani," in ji shi. "Injin nan bai san kana rataye ba. Abin da ya sani uku ne: nauyin da ka faɗa masa, sauri, da tsayin tudu. Da su yake lissafi, kamar kai ke ɗauke da kilo 98 ɗinka kana hawa. Alhali ƙarfe ya rage maka aikin sosai."

Ya ciro biro ya yi lissafin a bayan rasit. Mai nauyina in ya yi wannan tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, minti 45 bai wuce kalori 260 ba. Tudun ne ke kai ta 600, ni kuma na kashe yawancin tudun da hannuna. Bai tsaya nan ba. Ya ce ko a kwance kake jiki na cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo a awa guda, kuma injuna da yawa suna haɗa wannan cikin lambar da suke nunawa. Wato wajen 70 a ciki da ma zan ƙona su ko da ina zaune ina sauraron labaran yamma a rediyo. Awo na gaskiya, in ji shi, sai an ɗaura maka takunkumi an auna iskar oksijin da kake shaƙa, kowace lita ɗaya kalori 5 ke nan.

Na ce to zan sayi agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya. Ya yi dariya, ya ce a 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan agogo guda bakwai a jikin mutum 60. A bugun zuciya shida sun yi ƙoƙari, amma a kalori wanda ya fi kowa daidai ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshensu da kashi 93.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da muka tsallaka titi. Ya ɗauki ledar Indomie ya nuna mini rubutun baya: ƙaramar leda ɗaya ta haura 300. Ƙwai kowanne wajen 75, cokalin mai guda 120, kuma mai shayinmu ba ya awon mai da cokali, tuttulawa yake. Kafin a zo ga madara da suga mun wuce 1,000. Mai shayin na jinmu, ya ce, "Alhaji, yau a sa biyun ko ɗaya?"

Na ce ya ba ni ruwan bunu, ba suga.

Daren nan na kasa barci don yunwa, har uwargida ta kama ni a kicin ƙarfe biyu na dare da murfin tukunya a hannu. Abin da ta ce mini, da yadda aka yi ta karɓe ragamar cin abincina gaba ɗaya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.