Majalisar Dokokin Birtaniya da Makomar Mutanen Hong Kong

Duk lokacin da na waiwayi tarihin miƙa Hong Kong ga ƙasar Sin a ranar 1 ga Yulin 1997, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Majalisar Dokokin Birtaniya ta sa baki bayan bakin alƙalami ya riga ya bushe. Gwamnatocin biyu sun shafe shekara biyu suna tattaunawa a asirce, babu zaɓaɓɓen wakilin mutanen Hong Kong ko ɗaya a wurin, alhali mu a Najeriya shugabanninmu sun zauna da kansu a tarurrukan tsarin mulki na Landan a 1957 da 1958. Da aka fito da daftarin yarjejeniyar a Satumban 1984, an shaida wa kowa cewa ba za a gyara komai a cikinsa ba. 'Yan majalisa suka yi muhawara a farkon Disamba, suka amince, Firayim Ministar Birtaniya Margaret Thatcher kuma ta sa hannu a ranar 19 ga watan.

Na yarda majalisar ba ta da ikon hana miƙawar, tunda hayar shekara 99 da aka ƙulla a 1898 kan mafi yawan yankin ta kusa ƙarewa. Amma batun zama ɗan ƙasa yana hannunta dungurungum, kuma a nan ne nake ganin ta gaza. Bayan kisan da sojojin Sin suka yi wa masu zanga-zangar dandalin Tiyananmen a Beijing a Yunin 1989, lokacin da hankalin mutanen Hong Kong ya tashi matuƙa, kwamitin harkokin waje na majalisar ya ƙi goyon bayan a bai wa mutane fiye da miliyan uku masu fasfo na mulkin mallaka damar zama a Birtaniya. Dokar da majalisar ta yi a 1990 ta taƙaita damar ga magidanta 50,000 da iyalansu, waɗanda aka zaɓa ta hanyar ba da maki bisa aiki da ilimi, kuma duk da ƙarancin adadin sai da Norman Tebbit, jigo a jam'iyyar da ke mulki a lokacin, ya jagoranci 'yan jam'iyyarsa masu adawa da ita.

A ƙarshen Maris na 1996, dubban mutane sun yi layi a ofishin shige da fice na unguwar Wan Chai, har layin ya kwarara zuwa filin wasa, suna rige-rigen neman takardar zama ɗan ƙasa ta mulkin mallaka, wadda ba ta ba su izinin zama a Birtaniya. Sai a Janairun 2021, bayan Sin ta kafa dokar tsaron ƙasa a yankin, aka buɗe musu wannan ƙofa.