Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar jaririyarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na Kumasi da na nesa.

Alhamdu lillahi, an sallamo mu daga asibiti. Jaririyarmu da mahaifiyarta suna gida a Aboabo, tana kama nono da bakinta, tana numfashi da kanta babu roba a hanci. Da sauran tari, kuma likita ya ce zai ɗauki 'yan makonni kafin ya sake ta gaba ɗaya, amma hankalinmu ya kwanta. Masu kira da masu turo saƙo a WhatsApp sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, ga shi an ce yaba kyauta tukuici. Shi ya sa na zo nan, inda kowa zai gani.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga maƙwabciyarmu ce, tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda duk layinmu ke kira Anti. Lokacin yarinyar ba ta cika wata ɗaya ba. An yi suna lafiya an watse, sai hunturu ya sauko da ƙurarsa, mura ta zagaye gidan tun daga yayyenta 'yan makaranta har kan manya. Da ta kama jaririyar, abin bai wuce atishawa da toshewar hanci ba. Ran nan da safe Anti ta leƙo gaida mai jego, ta tarar ana fama da yarinya ta sha nono: in ta ɗan tsotsa sai ta saki ta yi ta haki. Anti ta wanke hannu, ta karɓe ta, ta kwantar da ita a cinya, ta yaye rigar har wuya, ta ce in buɗe mata agogon wayata. Minti ɗaya cur tana kallon cikin yarinyar, leɓenta na motsi. A nan ni ma na ga abin da take gani. Duk jan numfashi sai fatar ƙasan haƙarƙari ta lotsa ciki, ƙofofin hanci suna buɗewa suna rufewa, ga wani ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi.

"Ɗana, nemo abin hawa yanzu," in ji ta. "A bar wankan, a bar kunun."

Na ce, "Anti, ba murar gidan nan ba ce?"

Ta ce, "Ita ce. Amma ta sauka ƙirji, kuma 72 na ƙirga."

Ta roƙe ni in na tashi godiya in sa wannan bayani a ciki, wai ya fi mata yabo. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in yana kwance ba kuka yake ba kuma numfashinsa ya kai 60 ko fiye a minti ɗaya, asibiti za a nufa. Haka in ƙirjinsa yana lotsawa sosai, ko ya ƙi nono, ko leɓe da harshe sun fara yin shuɗi, ko jiki ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko barci ya danne shi har a tashe shi ya kasa wartsakewa. Ɗaya kawai ya isa, ba sai sun haɗu ba. Anti, na cika alkawari.

Ina gode wa yaron nan mai pragya, wato babur ɗin haya mai ƙafa uku, da ya sauke fasinjansa ya ɗauke mu, ya kuma ƙi karɓar ko sidi ɗaya. Na san kana karanta wannan, kuma kuɗinka yana nan a ajiye ko ka so ko ka ƙi. Ina gode wa ma'aikatan ƙaramin asibitin da muka fara zuwa. Ba su ɓata lokaci ba: suka maƙala mata ɗan abin awo a ƙafa, lamba ta nuna 84, alhali sama da 90 ake so, nan take suka sa mata oksijin suka rubuta mana takardar zuwa babban asibitin Komfo Anokye. Sanin cewa abu ya fi ƙarfinka ka miƙa shi gaba da wuri, shi ma ƙwarewa ce, kuma ba kowa ke da ita ba.

A Gee, kamar yadda muke kiran asibitin Komfo Anokye, aka kwantar da ita a sashen uwa da jariri. Duk ɗan Kumasi zai tuna yadda aka sami sabon ginin nan: cunkoso ya yi yawa a tsohon ɗakin, aka yi gangamin neman taimako ƙarƙashin uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Rebecca Akufo-Addo, jama'a da kamfanoni suka tara kuɗi, aka buɗe shi a farkon 2018. Waɗanda suka sa hannu a aljihu a wancan lokaci ba su san 'yata ba, don ko auren uwarta ba a yi ba. Su ma suna cikin godiyar nan.

Wata likita matashiya ce ta zaunar da ni bayan an ɗauki hoton ƙirji da jini. Ta ce irin wannan ciwo yawanci ƙwayar cutar da ake kira RSV ke kawo shi, kuma kusan kowane yaro yana haɗuwa da ita kafin ya shekara biyu. A jikin babba mura ce kawai, ya sha shayi mai citta ya tafi kasuwa. A jikin jariri kuwa, ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu ba su fi tsinken tsintsiya kauri ba, da sun kumbura majina ta cika su sai iska ta rasa hanya. Ga shi jariri da hanci ya fi yin numfashi, in ya toshe ba zai iya haɗa tsotso da shaƙar iska ba. Ta faɗa mini gaskiya cewa babu allurar da ke kashe wannan ƙwaya. Aikinsu shi ne su riƙe yarinyar da oksijin da abinci har jikinta ya yi nasara. Alluran da suke yi mata ta jijiya na kashe wasu ƙwayoyin ne daban, masu kawo nimoniya, domin a wannan shekaru ba a jira sai an tabbatar kafin a fara. Sannan ta gargaɗe ni cewa ciwon yakan tsananta wajen kwana na uku zuwa na biyar kafin ya juya. Da ba ta faɗa ba, da daren da abin ya tsananta na zaci ƙarshe ne ya zo. Likita, Allah Ya ƙara basira.

A daren nan oksijin na hanci ya kasa, suka mayar da ita kan wata na'ura da suke kira CPAP. Robobi biyu ne a hanci, ɗaure da hula, bututun ya zarce cikin wata kwalbar ruwa da ke ta ɓulɓula. Nas ɗin dare ta ce wa uwar matsin iskar ne ke hana huhun rufewa tsakanin numfashi da numfashi, kuma muddin tana jin ruwan yana ɓulɓula to na'urar tana aiki. Mu iyaye maza ba mu da wurin zama a ciki. A waje muke, kowa da ledar magani da waya a hannu, in ƙofa ta buɗe mu miƙe gaba ɗaya. Can wajen asuba wannan nas ta fito da kanta, ba aikinta ba ne, ta neme ni ta ce lambar ta hau 93 ta tsaya. Ban san sunanta ba, takunkumi ne a fuskarta koyaushe. Wanda yake da ɗan uwa a sashen nan ya isar musu da Twi cewa wani uba daga Aboabo yana yi musu addu'a, su da masu shara da masu gadi.

Mai ɗakina kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Mace da ɗanyen jego, wadda ya kamata a ce tana ɗaki ana yi mata ruwan zafi, ita ce ke zaune a kan kujera dare da rana. Tun da yarinyar ba ta iya tsotso, bayan kowane 'yan awoyi sai ta wanke hannu ta tatsa nono a ɗan kofi, nas ta zuƙa a sirinji, a ɗura a hankali ta siririyar robar da aka zura har ciki. Akwai ranar da damuwa ta sa nonon ya ja baya, ta fito tana hawaye da kofi kusan wayam. Wata dattijuwar nas ce ta zaunar da ita, ta sa aka kawo mata koko mai zafi, ta ce ta ci gaba da tatsa ko ɗigo ne, zai dawo. Ya kuwa dawo. Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya sa yarinyar nan ta ji ƙanki.

A gida, Mma, surukata, ta tattaro kayanta daga Asawase ta tare wurin yara. Yayata ta ɗauki kai su makaranta da ɗauko su. Matan ƙungiyar mai ɗakina suka raba kwanaki a tsakaninsu ba tare da an roƙe su ba: wannan ta aiko koko da ƙosai da safe, waccan waakye da rana, da dare tuwo zafi. Abokan sana'ata a Alabar suka riƙa buɗe mini shago suna rufewa, da yamma a turo mini cinikin rana ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, har da lissafi a rubuce. Katin inshorar lafiya na uwar ya rufe jaririyar, tun da ba ta kai wata uku ba, kuma ya sauke mana nauyi babba. Amma duk wanda ya taɓa jinya ya san kuɗi ba ya zama: mota, nafkin, sabulu, wannan da wancan. Samarin majalisarmu suka yi karo-karo, Kawu ya aiko daga Nima, wani abokin ƙuruciya da ke Jamus ya ji labari a bakin wani ya turo nasa. Akwai kuma wanda ya turo ya kashe waya don kada in gode masa. Na gane lambar, Alhaji.

Limaminmu ya sa an yi mana addu'a bayan sallolin farilla. Abin da ya ƙara mini ganin girmansa shi ne amsar da ya ba masu cewa a kai wa yarinya rubutu da zuma a ɗura mata. Ya ce addu'a tana isa inda aka aike ta ba sai an ɗura ba, kada a sa wa jaririyar komai a baki sai nonon uwarta da abin da likita ya ce. Likitocin ma sun ce zuma ba ta yaron da bai shekara ba ce. Malam, Allah Ya ja kwana.

Ba mu kaɗai ne a ɗakin nan ba. Akwai wata baiwar Allah daga wajen Ejura da ba ta da kowa a Kumasi, ba ta kuma jin Twi sosai. Mai ɗakina ce ke yi mata tafinta, abincin da kuke aikowa tare suke ci. Ku sani ladanku ya ninka. Mun baro ta a can da ɗanta, ku sa su a addu'a. Akwai kuma iyayen da suka fita ba tare da nasu ba. Allah Ya ba su haƙuri, Ya sa masu ceto ne.

Sai Hajiya, mahaifiyata. Duk wanda ya san ta ya san ɗakin jego ba ya cika a wurinta sai da kaskon turaren wuta. Da aka gaya mata likita ya hana hayaƙi kowane iri kusa da yarinyar, turare ne, maganin sauro na kunnawa ne, gawayi ne ko taba, ta yi shiru, ta ce ita da turare ta rene mu duka. Washegari da kanta ta fitar da kaskon, ta aika aka sayo gidan sauro. Wanda bai san Hajiya ba ba zai gane girman wannan ba.

Yanzu ga roƙona, kuma kada kowa ya ji haushi. Mun san zumunci a ƙafa yake, amma na ɗan wani lokaci a yi mana shi ta waya ko daga tsakar gida. Mai mura ko tari ya dakata sai ya warke. Wanda ya shigo zai ga ruwa da sabulu a bakin ƙofa. Ba za a riƙa miƙa yarinyar hannu zuwa hannu ba, kuma ba sumbata. Ba wanda muke zargi da kawo ciwon, mura ba ta da mai ita a lokacin hunturu. Yarinyar dai ba ta kai ga alluran mako 6 ba tukuna, balle na mako 10 da 14, waɗanda a cikinsu akwai rigakafin nimoniya da Ghana ta fara yi wa yara tun 2012. Nas ta ce wannan allura ba ta hana RSV, amma tana tare wani ciwon huhun da ba ma fatan ya biyo baya. Za mu kai ta awo ranar da aka rubuta mana, in sha Allahu.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a yi sadakar masa a ƙofar gida, a yi addu'a. Maza da yara bismillah. Mai jego da jaririya ba za su fito ba, a yi musu uzuri. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya raba ku da kwanan asibiti.

Kuloli da fulas sun taru a gidanmu, wasu ba mu san masu su ba. An wanke su duka suna wurin Mma, a aiko yara su karɓa. Mai koriyar kula mai karyayyen hannu, wadda ta zo da miyar ayoyo, mai ɗakina ta ce ke ki zo da kanki, tana da tambaya a kan miyar.