Godiyarmu ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin Inna da ƙannena da sauran danginmu na nan Argungu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun kwanciyar mahaifinmu har ranar da muka kai shi makwancinsa. An share makoki, baƙi sun koma gidajensu, kuma ba za mu iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na rubuto nan. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Da yawa cikin masu gaisuwa sun tambayi abin da ya same shi, ganin mutum ne da rana ba ta fito masa a gida lokacin aikin shinkafa. Ciwon dajin hanta ne, kuma shi da bakinsa ya ce kada a ɓoye wa kowa. Ya fara da ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari da rashin sha'awar abinci, sai rama, sai idanu suka yi rawaya irin ta shawara. A Birnin Kebbi aka yi masa hoton ciki da gwajin jini, aka tura mu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Can aka tabbatar mana ƙari ya riga ya mamaye hantar, ya wuce a yi tiyata.

Ina fara godiya da likitan da ya zaunar da ni da Kawu ya gaya mana gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce waraka ta Allah ce, amma a iya abin da likita ya sani, aikin da ya rage shi ne a rage wa Baba zafi, a sa ya samu barci, a bar shi cikin iyalinsa. Maganar ta yi mana nauyi ƙwarai, amma ita ta tsare mu. Bayan mun dawo gida, masu cewa sammu ne sun zo, mai jarkar magani da ya nemi kuɗin bijimi ma ya zo. Da ba mu ji daga bakin likita ba, da gonar fadama ta tafi, kuma da an yi ta ɗura wa hantar da ta gaji abin da ba za ta iya tacewa ba.

Sai ma'aikatan jinya, musamman wadda ke zuwa gida bayan ta tashi daga aiki, ba ta taɓa karɓar ko kuɗin mashin ba. Ita ta koya mana juya shi gefe zuwa gefe duk bayan awa 2 don kada bayansa ya yi gyambo, ta sa aka rage gishiri da magi saboda ruwan da ke taruwa a cikinsa. In cikin ya cika har numfashi ya yi wuya, a kai shi asibiti a zuƙe ruwan, ya samu sauƙi na ɗan lokaci. Da Baba ya fara barcin rana da farkawar dare, yana kiran waɗanda suka daɗe da rasuwa, hankalin Inna ya tashi. Ma'aikaciyar jinyar ce ta kwantar mata da shi, ta ce dattin da hanta ta kasa tacewa ne ke hawa kai, kuma maganin laktulos da aka rubuta masa don haka ne, yana fitar da shi ta bayan gida. Haka ta cire mana tsoron mofin na ruwa, maganin rage zafi mai ƙarfi. Mun ji ana cewa yana kama mutum, ta ce ga mai irin wannan ciwo rahama ne, a dai bi awon likita da lokacinsa.

Inna kuwa, ban san da wane baki zan gode mata ba. Ƙaiƙayi yakan hana shi sakat, sai ta yanke masa farce, ta jiƙa tsumma da ruwa mai sanyi tana goga masa a hankali har barci ya ɗauke shi. Lokacin da tuwo ya gagara aka koma kunu, kunu ya gagara aka koma farau-farau, cokali ɗaya za ta riƙe tana lallashinsa kamar mai yaye. A kwanakin ƙarshe auduga take tsomawa a ruwan zamzam tana jiƙa masa leɓe. Matata da ƙanwata su suka riƙe wanki da girki, ƙanena shi ke ɗaga shi ya kawo masa dutsen taimama. Baba ya yi salla a zaune, ya yi a kwance, bai yarda ta wuce shi ba muddin yana cikin hayyacinsa.

Ga maƙwabcinmu direba da ya tayar da mota tsakar dare ranar da Baba ya yi aman jini, da matasan unguwa da suka yi layi don ba da jini, Allah Ya biya ku. A wajen gwajin masu ba da jinin nan aka gano wasu cikinmu 'ya'yansa na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda likita ya ce ita ce ta daɗe a jikin Baba har ta kai ga daji. Takan yi shekaru ba alama. Galibi ana ɗaukarta tun ƙuruciya, daga uwa wajen haihuwa, ko ta aska da reza da allurar da aka yi wa wani amfani da su. Ba a ɗaukarta ta cin abinci kwano ɗaya ko musafaha, shi ya sa ina ƙara gode wa abokansa da suka ci gaba da zama kan tabarmarsa suna shan fura tare da shi, lokacin da wasu suka fara gaisuwa daga zaure.

Duk gidanmu mun yi gwaji. Waɗanda aka samu da ita suna ganin likita, akwai magani irin su tenofobir da ke danne ta idan likita ya ga da buƙata. Sauran sun fara rigakafi, allura 3 cikin wata 6. Tun 2004 Najeriya ta sa wannan rigakafi cikin na yara, kuma ana son jariri ya samu ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Mafi yawanmu an haife mu kafin nan. Don Allah dangi na Birnin Kebbi da Jega da Kamba, musamman waɗanda suka fito ciki ɗaya da Baba, ku je a duba jininku. Manoma 'yan uwana kuma a kula da shanya: gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar da ke lalata hanta.

Muna gode wa liman da jama'ar masallaci da ba su bar shi cikin addu'a ba, da malamin da ya zauna kusa da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada, da waɗanda suka yi wanka da sutura, da masu haƙar kabari da suka yi aiki cikin rana ba su nemi komai ba. Mata da suka yi ta aiko da kwanukan abinci, da waɗanda suka turo gudummawa suka ce kada a ambaci sunansu, Allah Ya san ku. Allah Ya jiƙan Baba da dukkan magabatanmu, Ya ba marasa lafiya na gida da na asibiti sauƙi.

Baba ya bar mana saƙon neman yafiya ga duk wanda ya taɓa saɓa wa. Wanda kuma yake bin sa bashi, na kuɗi ne ko na taki ko buhun shinkafa, ya zo gida ya same ni ko Kawu kafin a zauna rabon gado.