Yaron Shatila da ganga

Yau da rana wata ƙawata ta turo min bidiyo daga Shatila, sansanin Falasɗinawan nan da ke kudancin Beirut tun 1949. Wani ɗan yaro ne, bai fi shekara bakwai ba, an ajiye ganga a gabansa, ya takure ya ƙi kallon kowa. Can ya maka mata duka da ƙarfi, kamar mai huce haushi. Na zaci matar da ke zaune da shi za ta ce ya yi a hankali. Ina! Sai ta buga tata gangar daidai yadda ya buga. Ya ƙara, ta maimaita. Ya sassauta hannu, ita ma ta sassauta. A nan ya ɗago ya dube ta, ni kuwa wallahi sai hawaye.

Ba kiɗa take koya masa ba. Yaron da tsoro ya ɗaure wa harshe ba ya iya amsa “me ke damunka?”, amma hannunsa yakan faɗa, in ya samu mai amsa masa. Tun ɗazu yaranmu da rikicin Borno ya raba da gidajensu nake tunani, ko su ma akwai mai zama da su haka.