Jan da ba ya fitowa a fatarmu

Ƙarshen watan nan zan bar aikin binciken soriyasis, wata cutar fata mai sa tabo da ɓawo, in koma ɓangaren jinya inda aka aro ni. Masu tambayata ko lafiya, lafiya lau. Sai dai akwai abin da ya kamata wanda zai gaje ni ya sani kafin ya zauna.

Takardar auna tsananin cutar da aka ba mu, wadda ake kira PASI, a Turai aka tsara ta a 1978. Tana duba faɗin wurin da cutar ta ci, sannan ta ba kowane tabo maki kan abu uku: ja, kauri da ɓawo. A jikin Bature tabon jawur yake fitowa da farin ɓawo a kai. A jikin Bakatsine kuwa sai ka gan shi duhu-duhu, ko toka-toka, wani lokaci ya yi shunayya. To ina za ka samo jan da za ka ba maki?

Wata dattijuwa daga wajen Mashi ta zo, gwiwar hannunta da tsakar kanta duk sun yi ɓawo, ta ce ko kitso ta daina. Da aka haɗa makinta sai ya faɗi ƙasa da abin da ake buƙata don shiga binciken, aka ce in ba ta magani in sallame ta. Ba ita kaɗai ba ce. Na samu shugaban aikin na ce, "Ranka ya daɗe, wannan takarda ba ta ganin mutanenmu. Ko za a bar ni in riƙa rubuta launin da na gani a gefe?" A gaban ɗalibai ya amsa mini: "Malama, an ɗauko ki ne ki ɗebi jini ki cika takarda. Gyaran abin da manya suka yi a Turai ba naki ba ne." Aka yi dariya. Na sayi littafi da kuɗina na ci gaba da rubutawa.

Da baƙin da ke ɗaukar nauyin aikin suka zo, tambayarsu ta farko ita ce yadda muke auna ja a baƙar fata. Nan take shugaban aikin ya aika a karɓo littafina, ya buɗe musu shi yana cewa ai ya daɗe da lura da matsalar. Rahoto ya fito da babi guda kan wannan. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Na duba har jerin godiya, babu sunana.

Abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne lissafin. An san ƙwayar gadon da ta fi alaƙa da cutar, wato HLA-C*06:02, amma yawancin manyan binciken da suka tabbatar da ita da sauran 'yan uwanta a jikin Turawa da Sinawa aka yi su, alhali Afirka ce ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado. A Amurka an samu cutar a jikin kashi 3.6 cikin ɗari na fararen fata manya, da kashi 1.5 na baƙaƙe. Mai yiwuwa da gaske ta fi ƙaranci a wurinmu. Amma wanda muke gani a Katsina ya riga ya zaga: an ce masa makero ne, an ce kirci ne, wata tsohuwa ta rantse kuturta ce, mai kyamis ya ba shi mai mai ƙarfi irin wanda ake haɗawa a man bilicin, tabon ya lafa ya canza kama. In ya iso kuma takardarmu ta ce bai kai ba. Irin wannan mutum ba ya shiga lissafin kowa.

Abin da ke tayar da cutar daga muhalli ma a bakin marasa lafiya na koye shi. Hunturu na tayar da ita. Ciwon maƙogwaro kan jawo ta ga yara. Kulorokwin na iya tsananta ta, ga mu a ƙasar zazzaɓin cizon sauro. Kuma takan fito daidai inda fata ta ji rauni, shi ya sa nake tambayar kowa ko an yi masa ƙaho ko tsaga. Na sha ganin tabo ya bi sawun askar wanzami layi-layi. Babu gurbin wannan tambaya a takardar.

Sauran shawarwarina ga wanda zai gaje ni gajeru ne. Fara da gaya wa mutum cewa ba a ɗaukarta, domin abin da ya hana shi barci ke nan. A duba fata a hasken rana. Kada a ɗebi jinin matar aure ba a yi mata bayanin da za ta iya maimaitawa a gida ba. Firijin ajiye jini kada a dogara da wutar Nepa.

Na bar wa ɗaliban kwafin littafin. Na asalin yana hannuna, kowane shafi da kwanan watansa.