Mako na shida: wutsiyar karfasa a kan shuɗiyar takarda

'Yan uwana masu koyo, yau mako shida ke nan da na fara gwada hoton shuɗi da ake kira sayanotaif, wato a shafa wa takarda magani, a ɗora abu a kanta a sa a rana, inda haske ya taɓa ya yi shuɗi, inda abin ya rufe ya fito fari bayan an wanke, dabarar da Sir John Herschel ya gano a Ingila a 1842, wadda Anna Atkins ta yi amfani da ita tun daga 1843 tana ɗora ciyayin teku a kan takarda har ta haɗa littafi. Mu a Katsina ba mu da teku, saboda haka da abin da dam ya ba ni nake aiki: gansakuka da saiwar kainuwa da aka kawo mini daga Ajiwa, sai karfasa da na sayo a kasuwa.

Haɗin maganin yana nan yadda yake. Giram 25 na ferric ammonium citrate a ruwa mililita 100, giram 10 na potassium ferricyanide a wani ruwan mililita 100, kowanne a kwalbarsa mai duhu, kuma ba na gauraya su sai daren da zan shafa wa takarda, rabi da rabi.

Kuskuren wannan makon shi ne na ɗora kifin ɗungurungum, ina tsammanin zan ga ɓawonsa da idonsa. Abin da ya fito farin tabo ne mai siffar kifi, babu komai a cikinsa, domin haske ba ya ratsa tsoka, ga danshin jikinsa ya jiƙa maganin ya bar dabbare-dabbare. Daga nan na yanke wutsiyar da ƙayar baya, na baje su a kan kwali na kafe da allura har kwana uku suka bushe, sannan na danne su da gilashi. A nan ne aikin ya yi kyau, domin kowace ƙaya ta fito fara tas, fatar da ke tsakaninsu kuma, da yake siririya ce, ta bar haske ya ɗan wuce, sai ta ba da shuɗi mai sauƙi. Saiwar kainuwa ma ta fito kamar gashi, amma gansakuka ta dunƙule, don ban ware ta a cikin ruwa ba kafin ta bushe.

Hazon hunturu ya rikita mini lissafin lokaci, domin abin da minti goma ke yi da tsakar rana yanzu sai ya kai ashirin. Na daina dogaro da agogo, ina duba launin takardar, idan ya tashi daga tsanwa-tsanwa ya koma toka-toka sai in ɗauke.

Da Baffa, wanda ya yi rini a marina da ƙuruciyarsa, ya ga hoton, sai ya ce, "Ɗana, sa masa 'yar kanwa shunin ya kama." Na ce, "Allah ya ja da rai, Baffa, wannan ba shunin baba na marina ba ne, kanwa cinye shi take yi." Bai yarda ba sai da na ɗiga masa a gefen wata takarda, ya ga shuɗin ya koma ruwan ɗorawa. Wannan ne ya sa na zargi ko akwai wani abu irin kanwa a ruwan burtsatsenmu, wanda yake koɗar mini da launi wajen wanki, kuma da na matsa lemun tsami kaɗan a ruwan farko sai launin ya tsaya. Mako mai zuwa zan gwada a kan farin yadin auduga, da gashin bakin tarwaɗa.