Rondal huɗu da suka ci mini wata bakwai

Asabar ɗin da ta wuce na ɗaure akwatin kayan aikina a bayan babur, na bar garajin da na yi shekara 11 a cikinsa. Na shiga ina yaro mai wanke kulas, wato kan inji, da gazuwal (man dizal) da tsohon buroshi, na fito da gemu da iyali. Abokan sana'a suna ta tambayata ko wani abu ne ya haɗa ni da Maigida. A makon nan dai babu. Abin da ya haɗa mu ya faru tun kakar 2019, kuma ban taɓa zama na faɗe shi daga farko har ƙarshe ba sai yau.

Kafin komai, in ba mutumin haƙƙinsa. A kan tsofaffin injina, 2L da 3L da 5L na Hilux, da 1HZ mai silinda shida na Land Cruiser, ban ga na biyunsa ba. Zai kafa bakin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya ce maka silinda ta uku ce. In kana musu sai ya bi bututun injekta yana sassautawa ɗaya bayan ɗaya inji na tafiya. Wadda aka sassauta murya ta canja, tana da rai. Wadda aka sassauta inji bai ko kula ba, ita ce matacciyar. A wurinsa na koyi karatun hayaƙi: baƙi, gazuwal ya fi iska yawa, shuɗi-shuɗi, baƙin mai ke ƙonewa, fari, ko dai gazuwal ne bai ƙone ba ko ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Waɗannan duka daga bakinsa na ji su, kuma da su nake cin abinci.

Sai dai inji ya canja, shi bai yarda ya canja ba. Hilux mai 2KD, wadda ake kira D-4D, ba ƴar'uwar 5L ba ce ko da jikinsu ya yi kama. A tsohon inji famfo ne ke auna gazuwal da kansa, injekta ta buɗe da matsin da bai kai bar 200 ba. A sabon, famfo cika bututu guda yake yi da matsin da kan haura bar 1,000, ƙwaƙwalwar mota ce ke buɗe kowace injekta da wuta. Kowace injekta da lambarta da ake shigar wa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba a musanya musu gurbi. Ba a kuma sassauta bututu inji na tafiya, don feshin yana iya huda fata. Abin da ya fi shafar labarina shi ne wurin zamansu: injektocin 2KD a ƙarƙashin murfin saman inji suke, cikin baƙin mai tsundum. Abin da ya raba wutar cikin silinda da man nan, ƴar ƙaramar rondal ce, wato siririn zoben jan ƙarfe, a gindin kowace injekta. Ba ta kai murfin kwalba faɗi ba.

Motar ta wani Alhaji ce mai saye da sayar da wake da gero, tana zirga-zirga tsakanin Maradi da Dakoro. Direbansa ya kawo ta yana cewa da safe tana tashi da ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ta busa hayaƙi kaɗan, sannan ta daidaita. Maigida ya ce in fitar da injektocin a kai gwaji. Da na buɗe murfi, tun kafin in taɓa komai wari ya gaya mini magana, warin ƙonannen mai mai ɗaci. Gindin injekta ta biyu da ta uku ya daskare da baƙin abu kamar kwalta, sai da na yi ta fama kafin suka fito. Rondal ɗinsu kuwa ga layin da wuta ta bi ta ratsa shi, baƙi siriri daga ciki zuwa waje. Ma'anarsa ba ta ɓuya: an daɗe iskar ƙuna tana tsallake rondal tana hawowa cikin mai tana gasa shi.

Gwaji ya nuna injektocin za su ƙara tafiya. Na zo mayarwa, na ce wa Maigida a sayo rondal huɗu sababbi. Lokacin Najeriya ta rufe iyakarta tun watan Agusta, kayan Kano ba sa shigowa ta Ɗan Isa kamar da, abin da ke hannun masu shaguna ya yi tsada, wani ma sai an jira a aiko daga Yamai. Alhaji kuma yana gaggawa, kasuwar wake ta buɗe.

Maigida ya ce, “Gasa su ka maida.”

Na ce, “Maigida, biyu sun ƙone. Ka ga layin.”

Ya karɓa ya juya a tafin hannu, ya ce, “Tun ba a haife ka ba nike gasa rondal. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Gasa su.”

Na gasa su har suka yi ja, suka huce, na goge, na mayar. A tsohon inji dabarar nan takan kai mutum gida, don wuta na sa jan ƙarfe ya yi laushi ya sake kama wurin zama. Amma rondal da wuta ta riga ta yi wa hanya, gashi ba ya cike hanyar.

Wannan laifin nasa ne. Ga nawa, wanda ya fi ci mini rai. Na ga gawayin nan da idona, na kankare shi da hannuna, kuma tambaya ta zo mini a zuciya: wanda ya riga ya gangara ƙasa fa, ina ya tafi? Amsar na san ta. Cikin kartar, kwanon mai da ke ƙasan inji, yake taruwa, famfon mai ya ja shi ya manne a rariyar da ke bakin bututun tsotso. Aikin rabin yini ne a sauke kartar a duba. Na buɗe baki zan faɗa, na tuna amsar da aka ba ni ɗazu a gaban yara, na haɗiye. Na yi juyen mai, na sa sabuwar filta, na tada inji. Ya tashi lafiya lau. Na lura fitilar mai ta ɗan yi jinkiri kafin ta mutu, kamar ƙiftawa biyu fiye da yadda na saba gani. Na gani, na kau da kai.

Kwana 19 bayan nan, bayan isha'i, direba ya bugo daga gaban Kornaka. Mota cike da buhuna, fitilar mai ta fara ƙifta masa, ya ce bari ya lallaɓa ya isa gari, sai inji ya fara bugu daga ƙasa, sannan ya tsaya cak. Washegari muka jawo ta. Ni na kwanta a ƙarƙashi na sauke kartar. Ba zan manta da rariyar nan ba. Ragarta ba ta ganuwa, baƙin tsaki ya toshe ta kamar garin gawayi da aka kwaɓa, sai wani ɗan gurbi a gefe da bai kai farcen yaro ba, ta nan inji ke shan mai duk kwanakin nan. A gindin kartar ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli. Kusine, ɓawon ƙarfen da ke tsakanin biyal (sandar fistin) ta uku da bilbirke (sandar da biyal ke juyawa), ya narke ya juya a gurbinsa, bilbirke ya yi shuɗi a wurin saboda zafi. Turbo ma ya tafi, don shi ne ke fara jin yunwar mai. Mu nan Maradi rabin sunayen kaya daga Faransanci muka aro su, rabi daga Kano. Abin da muke ce wa kusine a Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, metal ake ce masa, bilbirke kuma karanshaf. Ko da wane suna ka kira su, ranar duk sun tashi aiki.

Alhaji ya zo da la'asar da babbar riga, bai ko zauna ba. Ya ce, “Mi ya faru da mota ta?”

Ina tsaye da rariyar a hannu, mai na ɗiga a yatsuna. Maigida ya nuna ni da haɓa, ya ce, “Ranka shi daɗe, yaron ga ne. Na ba shi aiki, ya maida tsohon kaya bai gaya mini ba. Yaran yanzu sai gaggawa.”

Yara huɗu na wurin ranar da ya ce in gasa. Duk suka sunkuyar da kai, kuma ban ga laifinsu ba, abincinsu a hannunsa yake. Ni ma ban ce uffan ba. An tarbiyyantar da mu ba a ƙaryata babba a gaban baƙo, kuma mahaifina da kansa ya kai ni wurinsa ya ce ga ɗanka nan. Alhaji ya dube ni ya ce, “Yaro, ka cuce ni.” Kalmar nan ta fi mini kuɗin ciwo.

Aka yi sulhu a kan garaji zai ɗauki rabin ɓarnar. Rabin nan daga kasona aka riƙa cirewa, wata bakwai cur, a shekarar da matata ke da cikin fari. Motar ta yi makonni a kan duwatsu tana jiran bilbirke, kakar wake ta wuce Alhaji. Ban taɓa jin zafin biyan ba yadda mutane suka zata, domin na san akwai hannuna a ciki: da na sauke kartar ranar, ko da tsofaffin rondal ɗin, da injin bai mutu a kwana 19 ba. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne, a shekarun da suka biyo baya ko sau ɗaya bai kira ni gefe ya ce mini ya san yadda aka yi ba. Ko a ɓoye. Ya ci gaba da ba da labarin ga sababbin yara a matsayin misalin gaggawar yaro, ina zaune ina ji.

Daga lokacin na canja yadda nake aiki, ba tare da na yi shawara da kowa ba. Na tara kuɗi na sayi na'urar gwaji ta hannu da makullin auna ɗauri, don kusoshin da ke danne injekta ba a ɗaure su da ƙarfin dantse. Na koyi duba gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa kowace silinda, wanda ke nuna injektar da ta gaji tun ba a kwance komai ba. Duk D-4D, 1KD ko 2KD, da na buɗe na ga gawayi a gindin injekta, sai na ga rariya da idona, ko ta ramin juye da ƴar kyamara mai igiya, ko in sauke kartar gaba ɗaya. In mai mota ya ce ba shi da kuɗin rondal, nakan mayar masa da makullinsa tun ban kwance ba. Sannu a hankali duk D-4D da ta shigo garajin ni ake kira, har masu motocin ƙungiyoyi suka fara tambayata da suna. Maigida bai taɓa cewa komai a kan haka ba, amma ya daina sa hannu a cikinsu.

Sauran abin da na koya ba su da tsawo. Rabin motocin da ake kawowa da sunan famfo ya mutu, filtar gazuwal ce ta toshe ko iska ke shiga layi, don haka daga mai araha ake farawa. Gazuwal na jarka ba ya rasa ruwa da ƙasa, 5L na iya haƙuri da shi, D-4D ba ta yafewa. In fitilar ruwa ta kama, a kwance ƙasan filta a zubar. Lokacin buji da ƙurar hunturu filtar iska ake fara dubawa kafin a zargi turbo. Bel ɗin taimin na KD kilomita 150,000 aka ɗibar masa, kada a jira ya tsinke. Direba kuma a saurare shi har ya gama, shi ke kwana da motar, amma a gaya masa jar fitilar mai ba ta lallaɓawa, kashe inji ake yi nan take ko a tsakiyar daji ne. Yaro in ya ce ya ga wani abu, a tashi a je a gani.

Ranar da zan tafi na durƙusa na yi wa Maigida sallama yadda ya kamata. Ya sa mini albarka, ya ce Allah ya buɗa, ya ba ni tsohon jak ɗinsa. Na ɗan jinkirta a durƙushe ko zai ƙara wata magana. Ya juya ya kira yaro ya kawo masa shayi.

Rumfar da na kama tana bakin hanyar Zinder, ko inuwar kirki ba ta gama samu ba. Motar farko da ke jirana Hilux ce mai 2KD, ta wani mai kai kaya Tasawa. Na riga na gaya masa rondal huɗu sababbi ne, kuma zan sauke kartar. Ya ce kuɗin ya yi yawa, zai yi shawara zuwa Litinin.